Kofi Busia da Tarihin Karatun Zaman Jama'a

A cikin fannonin da ake koyarwa a jami'a akwai waɗanda sunansu kaɗai ya isa ya gaya wa iyaye aikin da ɗansu zai yi. Wanda ya karanta likitanci likita zai zama, wanda ya karanta shari'a kuwa lauya ne ko alƙali. Amma akwai wani fanni da ake kira sosiyoloji, wato ilimin zaman jama'a, wanda matasa da yawa suke karantawa a Yamai, da Akra, da Yawunde, da Zariya, iyayensu kuwa sukan rasa abin faɗi in maƙwabci ya tambaye su abin da yaron zai zama. Tambayar tana da nauyi, gama kuɗin makaranta daga rumbu yake fitowa, wani lokaci ma sai an sayar da dabba. Tarihin wannan fanni, musamman tarihin wani mutumin Gana da ya karanta shi, yana nuna irin ƙofofin da karatun yakan buɗe, yana kuma nuna inda ƙarfinsa ya tsaya.

Inda ilimin ya samo asali

Tun dā mutane suna lura da zaman junansu. Kowane dattijon gari ya san gidan da ake neman aure, da gidan da ke riƙe da sarauta, da dalilin da ya sa unguwa kaza ba ta ga maciji da unguwa kaza. Abin da masana suka ƙara a kan wannan sani shi ne tsari, wato a yi tambaya, a ƙirga, a rubuta, sa'an nan a gwada abin da aka samu a wuri ɗaya da abin da aka samu a wani.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara bin wannan tsari mutumin Afirka ta Arewa ne, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Ya keɓe kansa a wata kagara a ƙasar Aljeriya ta yau, inda a 1377 ya rubuta gabatarwar babban littafinsa na tarihi, wadda aka sani da Muƙaddima. A ciki ya nemi sanin abin da ke sa daula ta tashi, ta yi ƙarfi, sa'an nan ta faɗi. Ya ce mutanen jeji suna da ƙarfin zumunci da haɗin kai, da shi suke cin birni da yaƙi. Jikokinsu kuwa sukan saba da daɗin birni, zumunci ya yi sanyi, haraji ya yi wa talakawa yawa, sai waɗansu mutanen jeji su zo su karɓe mulki.

Sunan sosiyoloji kansa daga Faransa ya fito, daga wani masani mai suna Auguste Comte, a 1838. Lokacin Turai tana cikin ruɗani. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya tumɓuke sarauta, masana'antu kuma suna janye manoma daga ƙauyuka zuwa birane, inda suke cunkushe a ɗakunan haya ba dangi, ba gona. Tsohon tsarin zama ya rushe, sabon bai kafu ba, mutane suna so su gane abin da ya same su.

Émile Durkheim ya fara koyar da wannan ilimi a jami'ar Bordo a 1887. A 1897 ya fitar da littafi a kan mutanen da ke kashe kansu, abin da kowa ke ɗauka al'amari ne na zuciyar mutum ɗaya. Da ya tattara alƙaluman ƙasashe dabam dabam, sai ya ga abin ya fi yawa ga marasa aure fiye da masu aure, ya kuma fi yawa inda mutane ba su ɗaure da jama'arsu sosai ba. Ya nuna cewa kaɗaici yana da sakamakon da za a iya ƙirgawa. A Jamus kuma, tsakanin 1904 da 1905, Max Weber ya rubuta yadda halin aiki tuƙuru da tsimin kuɗi na waɗansu Furotesta ya taimaka wajen kafuwar tsarin jari-hujja.

Aikin farko: ƙirga matalauta

Tun kafin jami'o'i su yawaita sassan wannan fanni, an fara ganin amfaninsa a titi. Charles Booth, wani attajiri mai jiragen ruwa, ya soma binciken zaman mutanen Landan a 1886, unguwa unguwa, layi layi. Aikin ya kai littafi 17 kafin ya ƙare a 1903, ya kuwa nuna cewa wajen kashi 30 cikin 100 na mutanen birnin suna cikin talauci. Seebohm Rowntree ya yi irin wannan aiki a garin York a 1899, ya sami wajen kashi 28. Su biyun sun nuna cewa tsufa, da ciwo, da mutuwar maigida, da ƙarancin albashi suna cikin manyan abubuwan da ke jefa iyali a talauci, alhali masu hali da yawa suna cewa lalaci ne kawai. Wannan shaida tana cikin abubuwan da suka sa majalisar Ingila ta yi dokar fansho ga tsofaffi a 1908.

A Amurka, jami'ar Cikago ta buɗe sashen sosiyoloji a 1892 a ƙarƙashin Albion Small, wanda ya fara da karatun tauhidi a makarantar Baptis. Birnin kansa ya zama musu wurin koyo, gama mutanensa ba su kai 5,000 ba a 1840, amma a 1890 sun haura miliyan ɗaya, yawancinsu baƙi ne ko ƴaƴan baƙi. A Filadelfiya kuma wani baƙar fata, W. E. B. Du Bois, ya bi gidaje wajen 2,500 da ƙafarsa yana tambaya, ya fitar da littafinsa a 1899. Ya nuna yadda ake rufe wa baƙar fata ƙofar aiki da ta gidan haya, sa'an nan a zarge su da talaucin da ya biyo baya. Du Bois ya ƙare kwanakinsa a Akra a 1963. Martin Luther King ma digirinsa na farko a wannan fanni ne, daga kwalejin Morehouse a 1948, kafin ya shiga makarantar tauhidi.

Zuwansa Afirka ta Yamma

A ƙasashen da Turawa suka mallaka, ilimin ya shigo ta wata ƙofa dabam. Turawa sun raba aikin biyu. Nazarin biranensu suka kira sosiyoloji, nazarin mutanen da suke mulka kuwa suka kira anturofoloji, wato nazarin al'adun kabilu. Gwamnatin mulkin mallaka tana bukatar ta san wanda ke da ikon ƙasa, da yadda ake gādo, da wanda za a ɗora wa tattara haraji. A 1921 aka naɗa R. S. Rattray shugaban ofishin irin wannan bincike a ƙasar Asante. Shi ne kuma ya buga tarin tatsuniyoyi da al'adun Hausa a 1913. Ke nan aikin farko da wannan ilimi ya yi a yankin nan, hidimar masu mulki ne, mutanen ƙasa kuwa su ne ake bincika.

Ba a daɗe ba ƴan ƙasa suka fara karɓar alƙalamin. Nathaniel Fadipe, Bayarabe, ya gama digirin dakta a Landan a 1939 a kan zaman jama'ar Yarbawa. Bai sami kujerar koyarwa a gida ba, gama Nijeriya ba ta da jami'a a lokacin. Ya rasu a 1944, littafinsa kuwa sai a 1970 aka buga shi a Badun. Wanda ya fi shi sa'a shi ne Kofi Abrefa Busia.

Busia: malami, jami'in mulki, mai bincike

An haifi Busia a 1913 a gidan sarautar Wenchi, a ƙasar da Turawa ke kira Gold Coast, wato Gana ta yau. Ya yi karatu a makarantun Metodis, har da Mfantsipim a Cape Coast da kwalejin Wesley a Kumasi, ya kuma zama mai wa'azi a ikilisiyar Metodis ba tare da naɗin fasto ba. Ya fara aiki da koyarwa. Daga nan ya tafi jami'ar Okusfod a Ingila, ya sami digiri a 1941.

Bayan ya dawo, a 1942 aka naɗa shi mataimakin Disi, wato jami'in mulkin gunduma, irin wanda ake kira Di'o a Nijeriya, kumandan a Nijar. Shi da A. L. Adu su ne baƙaƙe na farko da aka ba wannan matsayi a ƙasar. Binciken da ya yi a ƙasar Asante ya zama tushen digirinsa na dakta a 1947. An buga littafin a 1951, a kan matsayin sarki a tsarin siyasar Asante na zamani. Busia ya nuna cewa a dā sarkin Asante ba shi da ikon yin yadda ya ga dama, domin dattawan majalisa da uwar sarauta suna iya tuɓe shi. Da Turawa suka zo, sarki ya shiga tsaka mai wuya. Gwamnati tana ba shi umarni, talakawa suna ganinsa ɗan saƙon gwamnati, sai tuɓe sarakuna ya yawaita.

Aikinsa na biyu a birni ne. Layin dogo ya haɗa Sekondi da Kumasi tun 1903, an kuma buɗe tashar jiragen ruwa a Takoradi a 1928, saboda haka mutane suka yi ta kwarara daga kowace kusurwa neman aiki. Gwamnati ta sa Busia ya bincika zaman garuruwan biyu, rahotonsa ya fito a 1950. Ya rubuta a kan cunkoso a ɗakunan haya, da matasan da suka gama makaranta ba aiki, da yaran da ke shiga ɓarna, da aure da ke mutuwa nesa da idon dangi, da ƙungiyoyin da baƙi ke kafawa domin su taimaki juna a ranar ciwo ko rasuwa. Irin aikin da Booth ya yi a Landan ke nan, sai dai yanzu ɗan ƙasa ne yake yi a ƙasarsa.

A 1949 ya koma koyarwa a sabuwar kwalejin jami'a ta ƙasar, wadda ta zama Jami'ar Gana a Legon. Ya shugabanci sashen sosiyoloji, a 1954 kuma ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar farfesa a wurin. Amma siyasa ta riga ta ja shi. Ya shiga majalisa a 1951, daga baya ya zama shugaban ƴan hamayya da gwamnatin Kwame Nkrumah. A 1959, da ya ga ana tsare abokan siyasarsa ba shari'a, ya gudu ƙasar waje.

Karatunsa ne ya ciyar da shi a gudun hijira. Ya koyar a jami'ar Leiden a Holan, daga baya ya koma Okusfod. A wannan lokaci ne Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya ta ba shi wani aiki da ba a saba gani ba, wato ya bincika ikilisiyoyin wani yanki na birnin Bamingham. Shekara da shekaru Turawa suna zuwa Afirka da littafi da alƙalami suna rubuta yadda mutane ke sujada. Ga shi ɗan makarantar mishan daga Wenchi yana bin majami'un Ingila yana tambayar su wa ke zuwa, su wa suka daina, da kuma ko abin da ake faɗa ran Lahadi yana taɓa zaman ma'aikacin masana'anta ran Litinin. Littafin ya fito a 1966.

Dokar baƙi ta 1969

Soja suka hamɓarar da Nkrumah a watan Fabrairu 1966, Busia ya koma gida. A zaɓen 1969 jam'iyyarsa ta ci kujeru 105 cikin 140, ya zama firayim minista. Ya tarar da bashi mai yawa, da rashin aikin yi a birane, da tattalin arzikin da ya dogara ga koko. Gwamnatinsa ta ba da ƙarfi ga raya karkara, wato hanyoyi, da ruwan sha, da wuraren shan magani a ƙauyuka, abin da ya dace da mutumin da ya san dalilin da ke kora matasa zuwa birni.

Amma abin da mutanen zango suka fi tunawa da shi wani ne. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatinsa ta yi doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin kwana 14. Baƙi kuwa suna da yawa. Ƙidayar 1960 ta nuna cewa wajen kashi 12 cikin 100 na mazaunan Gana asalinsu daga wata ƙasa ne. Akwai Yarbawa ƴan kasuwa, da Mosawa masu ƙwadago a gonakin koko, da Zabarmawa, da Hausawa waɗanda kakanninsu suka bi hanyar fataucin goro zuwa Salaga da Kumasi tun kafin a shata iyakoki. Da yawa a zango aka haife su, ba su taɓa riƙe fasfo ba, gama ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Gwamnati ta ce tana so ta rage rashin aiki, da fasa-ƙwauri, da aikata laifi, ta kuma mayar da ƙananan sana'o'i hannun ƴan ƙasa. Cikin ƴan watanni mutane fiye da 100,000 suka fita. Suka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulakance, suka cika manyan motoci, waɗansu suka yi kwana da kwanaki a bakin iyaka. Gonakin koko suka rasa ma'aikata, jarin ƴan kasuwa ya bi masu shi, rashin aikin kuwa bai gushe ba. A ƙarshen 1971 gwamnati ta karya darajar kuɗin sidi, ran 13 ga Janairu 1972 kuma Kanar Acheampong ya karɓe mulki sa'ad da Busia yake Ingila neman magani. Ya rasu a Okusfod a 1978. A 1983 Nijeriya ta yi irin wannan kora, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka koma gida da kayansu a ka.

Kaɗan ne a Gana suka fi Busia sanin zaman baƙi a birni, gama ya shiga ɗakunansu a Sekondi da Takoradi ya rubuta halin da suke ciki. Duk da haka gwamnatinsa ce ta kore su. Ilimin zaman jama'a yana koya wa mutum ya ga abin da ke faruwa da dalilinsa. Abin da mutum zai yi da ganin nan sa'ad da masu zaɓe suka matsa masa, wannan ya rataya ga halinsa da ƙarfin zuciyarsa, ba kuwa jarrabawar jami'a da ke auna su.

Nijar da Kamaru

A ƙasashen da Faransa ta mulka, fannin ya bi ta cibiyoyin bincike. A Yamai an buɗe reshen cibiyar IFAN ta Dakar a 1944, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken zaman ɗan Adam, IRSH. Jami'ar Yamai ta soma a farkon shekarun 1970, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Diouldé Laya, wanda ya rayu daga 1937 zuwa 2014, masanin zaman jama'a ne da ya yi shekara 20 yana shugabantar cibiyar tattara tarihin baka ta CELHTO a Yamai. Shi ne ya rubuta babin ƙasashen Hausa a littafi na biyar na Tarihin Afirka da hukumar UNESCO ta buga.

A Kamaru akwai Jean-Marc Ela, fada na ikilisiyar Katolika, wanda aka haifa a Ebolowa a 1936. Ya yi digirin dakta a tauhidi, ya ƙara da na sosiyoloji a Faransa. Ya zauna fiye da shekara goma a Tokombere, a duwatsun arewacin ƙasar, tare da manoman da ke fama da ƙarancin ruwa da na ƙasar noma. Littafinsa na 1982 a kan Afirka ta ƙauyuka ya nuna yadda ake tsara ayyukan raya ƙasa a ofis ba tare da an tambayi manomi ba. Ya koyar a jami'ar Yawunde, ya yi hijira zuwa Kanada a 1995 bayan kisan abokin aikinsa Engelbert Mveng, ya rasu a can a 2008.

A 2001 waɗansu masu bincike, cikinsu har da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, suka kafa cibiyar LASDEL a Yamai. Tsarinsu shi ne mai bincike ya zauna a asibiti, ko kotu, ko ofishin magajin gari, ya yi makonni yana kallo yana saurare. Wani littafi na 2003 ya bayyana yadda ake karɓar marasa lafiya a asibitocin Abijan, da Bamako, da Konakiri, da Dakar, da Yamai, inda mai sani ko mai kuɗi yake wucewa gaba, baƙo kuwa ya jira. Da gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar a tsakiyar shekarun 2000, masu binciken suka nuna cewa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu yana sa magani ya ƙare a ɗakin ajiya. Dokar tana da kyau a takarda, amma sai da wani ya zauna a likita ya ga yadda take aiki.

Abin da ake karantawa, da inda ake samun aiki

A yau ɗalibi a Nijar, ko Kamaru, ko Cadi yakan yi shekara 3 ya sami lisansi, ya ƙara 2 ya sami masta, sa'an nan wajen 3 ga mai neman dakta. A Gana da Nijeriya digirin farko shekara 4 ne, bautar ƙasa ta biyo baya. Ana karanta ra'ayoyin manyan masana irin su Durkheim da Weber, da zaman iyali, da na ƙauye da birni, da addini, da aikata laifi, da lafiya, da ƙaura. Amma darussan da suka fi kai mutum ga aiki su ne na hanyoyin bincike, wato yadda ake tsara takardar tambayoyi, da zaɓen gidajen da za a tambaya domin su wakilci gari duka, da lissafin alƙaluma a kwamfuta, da hira da mutum har ya saki jiki, da rubuta rahoton da mai mulki zai iya karantawa.

Hanyar aiki ta sāke tun zamanin Busia. Daga samun ƴancin kai har shekarun 1970, mai digiri yakan fito ya tarar da kujera tana jiransa a gwamnati. A shekarun 1980 tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni ya sa gwamnatoci suka rage ɗaukar ma'aikata, a Gana daga 1983, a Nijeriya daga 1986, sa'an nan aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994. A daidai wannan zamani, bayan farin 1973 da na 1984, ƙungiyoyin agaji da ayyukan da ake kira furoje suka yawaita a Sahel. Su kuwa suna bukatar wanda zai bincika gari kafin a haƙa rijiya, ya gano wa ke da ikon filin da kuma ko mata za su iya zuwa ɗiba, ya kuma dawo bayan shekara biyu ya auna ko aikin ya yi amfani.

Saboda haka ana samun masu wannan digiri a ma'aikatun jin daɗin jama'a da na mata da yara, da hukumomin ƙididdiga masu shirya ƙidayar jama'a irin wadda Nijar ta yi a 1977, 1988, 2001 da 2012. Ana samunsu a gidajen yari da kotunan yara, a ofishin kula da ma'aikata na kamfanoni, a gidajen rediyo, a makarantu, da wuraren sasanta manoma da makiyaya. Asibitoci da ayyukan raya karkara na ikilisiyoyi ma suna bukatar irin wannan gwaninta.

Annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe mutane fiye da 11,000 a Gini, da Laberiya, da Saliyo, ta nuna darajar aikin. Cutar tana yaɗuwa wajen wankan gawa. Da ma'aikatan lafiya suka fara ɗauke gawa su binne ba tare da dangi ba, sai mutane suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu. Masana zaman jama'a suka zauna da dattawa, da limamai, da fastoci, aka fito da tsarin jana'iza wanda ke kāre masu rai, yana kuma barin dangi su tsaya su yi addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan tsari a ƙarshen 2014.

Gaskiyar da ya kamata iyaye su sani ita ce, digirin farko shi kaɗai ba ya tabbatar da aiki, masu shi kuwa suna da yawa. Waɗanda suka fi samun hanya su ne waɗanda suka ƙware a lissafin alƙaluma, suka iya rubuta Faransanci ko Turanci mai tsabta, suka kuma fara bin masu bincike zuwa ƙauye tun suna ɗalibai, ko da ladan kaɗan ne.

Ɗan da ya tashi da Hausa a bakinsa yana da wani jari kuma. Yawancin sanannun littattafai a kan zaman Hausawa baƙi ne suka rubuta su: Mary Smith a kan rayuwar Baba ta Karo a 1954, Abner Cohen a kan unguwar Sabo ta Badun a 1969, Polly Hill a kan Batagarawa a 1972, Emmanuel Grégoire a kan alhazan Maraɗi a 1986. Sun yi aiki mai kyau, amma sai da suka koyi harshe, ko suka nemi tafinta, kafin a buɗe musu zaure. Ɗan gida ya riga ya san gaisuwa, ya san wanda ake fara zuwa wurinsa, ya san abin da ba a tambaya a gaban suruki. Aikin da ke jiransa kuma yana da yawa. Waɗanda suka hau motocin 1969 suna yara, yanzu sun manyanta. Suna nan a garuruwan Nijar da Nijeriya, waɗansu kuma sun koma zangon Kumasi da na Akra, suna riƙe da labarin abin da iyayensu suka bari, da wanda ya karɓe su a gida, da yadda suka sāke kafa sana'a. Kowace shekara ana rasa waɗansu daga cikinsu.